Takardar Auta

"Sake karanta layi na uku," in ji tsohon.

Mai tasi ya matsar da takardar kusa da taga. "Zoben fistin, saiti guda."

"Na huɗu."

"Gasket na kan inji."

Baba Kanike bai iya karatu ba, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Shekara arba'in ya yi a ƙarƙashin motoci kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Duk wanda aka rubuta wa takardar kuɗin gyara a layinsu, nan yake kawowa. In tsohon ya ce daidai ne, a biya. In ya ce cuta ce, wannan bakaniken ya gama samun aiki a unguwar.

Wannan takardar kuwa rubutun ɗansa ce, Auta, mai gareji a bakin titi. Shekara bakwai ke nan uban bai yi masa magana ba, tun ranar da ya kama shi ya wanke tsohon filogi ya sayar da sunan sabo. Kullum da safe Auta kan durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa. Tsohon kan juya wa bango fuska.

Mai tasi ya san haka, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na tsohon. Da safen nan ma ya wulla wa Auta takardar a gaban mutane, ya ce, "Halinka na nan, ashe." Sannan ya tsince ta ya taho.

Matar tsohon ta leƙo da kofin magani. "Kai ma dai! Mutum ko cokali ba ya iya riƙewa, ka zo masa da takarda?"

"Inna, da motar nan nake ciyar da yara."

"Ke, ƙyale shi," in ji tsohon. "Na ce miki na mutu ne?" Ya dubi mai tasi. "Takarda ba ta yin ƙara. Kawo motar."

Ya kawo ta ƙofar gida tana hayaƙi. Ya koma ya ɗauko tsohon a hannu, ya ji ba nauyi. Ya zaunar da shi a kujera gaban injin. Inna ta ɗauko doguwar sukudireba daga ƙarƙashin gado ta miƙo, tana mita.

Tsohon ya kafa bakinta a jikin injin, ya kara mariƙin a kunne, ya rufe ido.

"Ba ta wuta. A hankali! Ba jaki kake kora ba."

Ya matsar da ƙarfen ƙasa. Ya tallafe hannun da ɗayan.

"Sake."

Sai ya sa aka zaro sandar auna mai, ya murza baƙin man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina.

"Rabonka da juyen baƙin mai?"

"An ɗan jima, Baba."

"An ɗan jima. Kai ka kashe ta, kake neman wanda za ka rataya wa." Ya yi tari mai tsawo. "Akwai wata ƙara can ƙasa, siririya. Mital ɗin cikin injin ne ya cinye. Ba kowa ke jin ta ba. Tana cikin takardar?"

Mai tasi ya bi layukan da yatsa. "Ga shi. Layi na shida."

"Buɗe injin ya yi ya gani?"

"Ko noti guda bai kwance ba. Kunne kawai ya kara."

Injin na ta bugawa, ba wanda ya tuna ya kashe shi.

"Kuɗin aiki nawa ya sa?"

Mai tasi ya duba gaba, ya duba baya. "Babu, Baba. Kuɗin kaya ne kawai."

"Wawa. Hannu kyauta ne? Za ka biya shi." Ya ɗora sukudirebar a cinya. "Je ka ce masa ya ji daidai."

"Baba, in kira shi ka faɗa masa da bakinka?"

"Aikenka na yi ko shawararka na nema? Mayar da ni ɗaki."

Mai tasi ya mayar da shi ɗaki, amma bai tafi garejin ba. Ya tuna mutanen da suka ji abin da ya faɗa da safe, ya ce bari garejin ya rage jama'a. Ya ci abinci, ya kishingiɗa. La'asar ta kawo jiki ya ji kukan Inna ta bayan katanga.

Ya samu Auta a ƙarƙashin wata mota, ƙafafu kaɗai ke waje.

"In faɗa ka dawo yi, jira in ɗaure wannan."

"Fito, Auta."

Ya fito, ya dubi fuskar mai tasi. Sifana ta suɓuce daga hannunsa.

"Sai haƙuri. Baba ya cika."

Auta ya zauna a ƙasa, yana salati a hankali.

"Ya ba ni saƙo. Na kai masa takardarka, ya saurari motar da kansa. Ya ce in ce maka ka ji daidai."

"Ni?"

"Kai. Ya kuma ce kai wawa ne, da ba ka sa kuɗin aiki ba."

Wani abu kamar dariya ya kuɓuce wa Auta, bai ƙarasa ba. "Wawa ya ce?"

"Haka ya ce."

"Yaushe?"

Mai tasi ya dubi ƙasa. "Da hantsi."

Auta ya dube shi, ya dubi inuwar da ta riga ta cinye rabin garejin.

Ya tashi ya je bakin durom ɗin ruwa. Shi zai yi wa uban wanka. Ya zuba garin sabulu a tafin hannu ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sake zubawa. Ya tsinci tsinken ashana ya shiga sakace baƙin da ke ƙarƙashin faratansa, ɗaya bayan ɗaya. Mai tasi ya ɗauki gwangwani, yana zuba masa ruwa.