Wandon Ruwa na Lorna

Yayata Lorna ta shekara ashirin da uku tana dafa wa 'yan makaranta abinci a garinmu Ishpeming, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ɗaukar kamun kifina a bakin komai ba. In ta ga na jefa sandar kamun kifi a bayan a-kori-kura sai ta ce ga Russ can za shi ya jiƙa ƙafa ya dawo da ƙarya. Shekara shida ta ba ni, kuma rabin renona ita ta yi, don haka ba na mayar mata.

Wajen ƙarshen bara aka gano tana da sankarar mama. Aka yi mata tiyata a Marquette kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba, aka bi ta da magungunan da suka karkaɗe mata gashi. Likitoci suka ce aiki ya yi kyau, sai dai hannunta na dama ya ƙi ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Wata nas ta koya mata ta riƙa tsayawa gaban bango tana hawa da yatsu a hankali, safe da yamma. Lorna ta yi kwana huɗu ta watsar. Ta ce ita ba gizo-gizo ba ce.

Wata Asabar cikin Fabrairu ta zo gidana wankan zafi a ɗakin tururi, kamar yadda muka saba tun iyayenmu na da rai. Na fita ƙara itace, sai na tarar da ita a gareji riƙe da sandata tana kaɗawa. Irin kamun da nake yi ba na tsutsa ba ne. Ƙugiya ce ake ɗaure wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, kuma da yake ba ta da nauyi, zaren ake kaɗawa gaba da baya a iska har ya miƙe ya sauka kan ruwa. Lorna ta ce ai wannan motsin shi ne abin da nas ke so ta yi, bambancin kawai a nan akwai abin da mutum yake nema a ƙarshe. Ta ce in an buɗe lokacin kamun kifi a ƙarshen Afrilu, da ita za ni.

Na yi murna, amma na san ruwanmu. A Afrilu rafukan nan narkakkiyar ƙanƙara ce ke gudana a cikinsu, mutum ba ya minti biyar a ciki ba tare da wandon ruwa ba, irin mai kaiwa har ƙirji, ƙafarsa a rufe kamar safa. Nawa ya yi mata tsawo, ya kuma matse ta a ƙugu, don Lorna gajera ce mai jiki. Ga shi tun da ta kwanta rabin albashi ake ba ta. Na ce zan saya mata, ta ce in adana kuɗina in gyara haƙorana. Ta je babban kanti ta ɗauko mafi araha a wurin, na roba, dala arba'in, mai warin tayar mota.

Ranar buɗe kamu muka tafi wani rafi arewa da gari. Ta shiga ruwa tana dafe da kafaɗata, ta jefa zare sau uku ya naɗe a reshe, na huɗu ya faɗa gabanta a dunƙule. Tana ta dariya. Da ta durƙusa za ta warware shi sai na ji wani ɗan sauti kamar an yage takarda. Ta miƙe ta ci gaba da jifa. Sai bayan kusan rabin awa na ga leɓenta ya canja kala, haƙoranta na haɗuwa. Ɗinkin tsakanin ƙafa ne ya buɗe, ruwa ya cika ta har gwiwa.

A mota na kunna hita don ɗumi na lulluɓe ta da bargo, raina a ɓace. Na ce mutumin da jikinsa bai gama dawowa ba ba ya wasa da sanyi irin wannan. Na ce araha ba ta ado, da ta bari an sayi mai ƙwari wanda zai yi mata shekaru da duk wannan bai faru ba.

Ta juya tana kallon waje ta taga. Can ta ce, “Russ, wanda bai san ko zai ga baɗi ba, me zai yi da wandon shekara biyar? Na bana kawai nake nema.”

Tun da aka fara ciwon nan ban taɓa jin ta yi magana irin wannan ba. Kullum cikin barkwanci take, har likita ba ta bari ba. Na tada mota. Muka dawo gari.

Ta yi kwana biyu da mura ta warware. Ran Laraba na ce ta raka ni Negaunee wurin Odile Pelkey, ban gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Odile tsohuwa ce da ta haura saba'in. A ƙuruciyarta tantuna take ɗinkawa, yanzu kuma a bayan gidanta take gyaran wandunan ruwa, tana kuma sayar da na hannu da ragowar kayan bara da masu shaguna ke kawo mata. Ba ta da fara'a sosai, amma duk mai kamun kifi a yankinmu ya san ƙofarta.

Lorna ta miƙa mata na robar ta tambaya ko zai gyaru. Odile ta juya shi ciki waje, ta sa farce a ɗinkin ta ja kaɗan, ya ƙara buɗewa kamu guda. Ta ce wannan ba ɗinki ba ne, liƙi ne, in ta toshe nan gobe can zai buɗe. Ta jefa shi gefe ta dubi Lorna daga sama har ƙasa, ta tambaye ta nawa take iya kashewa. Lorna ta ce ɗari, in an matsa ɗari da ashirin. Odile ta ce kuɗin sun isa, in dai mutum ya san inda zai sa ido.

Ta sauko da wanduna guda huɗu ta shimfiɗa kan teburi, duk ta juya su ciki waje. Ta ce sunan kamfani da ke ƙirji ba shi ke hana ruwa shiga ba, kada mu biya kuɗin aljihu da zif. Ta sa Lorna ta shafa tef ɗin da aka bi ɗinki da shi, ta ji ko bakinsa ya fara ɗagowa. Ta nuna mata gwiwa da mazaunai, ta ce nan ne wando ke mutuwa, a nemi mai ruɓi huɗu ko biyar a wurin. Ta nuna wani da ɗinkinsa ya bi ta cikin cinya, ta ce wannan tafiya kawai za ta cinye shi, gara wanda ɗinkin ya zagaya ta baya. Sannan ta sa ta gwada ɗaya bayan ɗaya da rigar sanyi a ciki, ta tsuguna, ta ɗora ƙafa kan kujera.

“Baiwar Allah, tsuguna sosai,” in ji Odile. “Ba gaisuwa na ce ki yi ba. In zai fashe, gara ya fashe a ɗakina.”

Lorna ta ce rabonta da tsugunno irin wannan tun tana neman ɗan kunnenta ƙarƙashin firji. Odile ta ce matsattse ɗinki yake fasawa, mai yawa kuma goga yake yi har ya huje, don haka wanda ya zauna daidai shi ne mai kwana.

Biyu suka rage. Ɗaya sabo ne fil, marar kauri, dala tamanin. Ɗayan na wata mata ne mai raka baƙi kamun kifi, ta koma yamma ta bar shi. Ya ɗan koɗe, amma gwiwarsa kamar fatar sirdi, kuma kamar da Lorna aka auna. Shi ɗari da goma. Odile ta fesa masa sifirit ta ciki don gano huji, muka tsaya kallo, sai ga ɗigo biyu sun yi duhu a ƙwauri. Ta ce hujin ƙaya ne, aikin minti biyar, ta zagaye su da alli.

Lorna ta tambaya kowanne zai yi tsawon wane lokaci. Odile ta ce sabon zai kai ta ƙarshen bana, wataƙila ya taɓa baɗi. Tsohon kuwa, in ana shanya shi ciki da waje, ba a barinsa a dunƙule cikin mota a rana, zai yi shekara shida cikin sauƙi.

Lorna ta yi 'yar dariya. Ta zame hular da ke kanta kaɗan, gashin da ya fara tsirowa ya bayyana, ta ce ko likitanta bai yi mata alkawarin shekara shida ba.

Na sunkuyar da kai. Odile kuwa ko gezau. Ta ce, “Ni wando nake sayarwa, kwana ba a hannuna yake ba. Ni ma da kike gani ba wanda ya yi mini alkawarin Talata mai zuwa. Amma ko wuni ɗaya ya rage wa mutum a rafi, gara ya yi shi a bushe.”

Lorna ta ce tana son shan iska. Ta fita ta zauna a matakalar ƙofa. Na yunƙura zan bi ta, Odile ta ce in zauna, ta miƙo mini almakashi in riƙe mata, ko da yake ba abin da za a yanka. Ta taga ina hango bayan Lorna, tana zaune tana kallon karen maƙwabta yana tonon sauran ƙanƙara. Ta kai minti goma.

Da ta dawo idonta ya yi ja, amma muryarta daidai take. Ta ce tsohon za ta ɗauka. Sai dai igiyar kafaɗar dama tana bi ta kan tabon aikin da aka yi mata, tana jin zafi. Odile ta sa ta sake sawa, ta duba, ta zauna kan keken ɗinki ta warware igiyar ta matsar da ita gefe, ta naɗa mata wani ƙyalle mai laushi. Ba ta karɓi ko sisi a kan wannan ba. Da ta ɗauko gam za ta toshe hujin, Lorna ta ce ta tsaya, ta nuna mata yadda ake yi, don ba kullum za ta riƙa zuwa Negaunee ba. Odile ta toshe ɗaya, Lorna ta toshe ɗayan da hannunta, ta kuma sayi ƙaramin gam ta jefa a jaka.

A hanyar dawowa muka tsaya muka sayi burodin nama da dankali, irin na masu haƙar ma'adinai, muka ci a mota. Ta cinye nata duka har ta ɓalli gefen nawa. Rabon da in ga ta ci abinci haka tun kafin tiyata.

Tsakiyar Mayu muka koma rafin. Na ɗaure mata bel a ƙugu tam saboda ko ta zame ruwa kada ya cika wandon. Ta shiga har cinya ta tsaya, ta ce tana jin nauyin ruwan yana matsa ta amma ba ta jin jiƙa, abin kamar almara. Ranar ba ta kama ko ɗaya ba. Ta yi awa uku tana jifa, rabin lokacin tana ciro ƙugiya daga rassa. Ni kuwa na bar tawa sandar a bakin ruwa ina kallonta. Wajen la'asar zaren ya sake maƙalewa a wani reshe sama da kanta, ta miƙa hannun dama ta kamo reshen ta janyo. Sai da ta sake shi sannan ta tsaya tana kallon hannun. Ta waiwayo ta ce in na kuskura na yi kuka za ta tura ni cikin ruwa.

Kifinta na farko sai a Yuni, ɗan ƙarami mai jajayen ɗigo, bai fi tafin hannu ba. Ta jiƙa hannu ta cire ƙugiyar kamar yadda na koya mata, ta riƙe shi cikin ruwa har ya murmure ya sulale. Kafin mu kai gida ya ninka biyu a bakinta, da ta ba maƙwabciyarta labari kuwa ya kai tsawon damtse. A Yuli ta tsallake wayar shingen wata gona ta yage wandon a cinya. Ba ta ko kira ni ba. Sai da na je na gan shi rataye a baranda da faci, karkatacce amma ba ya yoyo.

A Agusta ta koma asibiti aka yi hoto. Likita ya ce bai ga komai ba, ta dawo bayan wata shida. Ba ta yi wani biki ba, ta ce wata shida ma ai lokaci ne. Da aka buɗe makarantu ta koma kicin, rabin wuni tukuna. Shugabar makarantar ta tambaye ta ranakun da take so, ta ce kowace rana ban da Juma'a, har a rufe kamu a ƙarshen Satumba.

Juma'ar farko na iso ƙofarta da sassafe, na tarar har ta fito tana zaune da filas ɗin kofi, taswira a buɗe kan cinyarta. Ta ce ta gaji da rafina mai rassa, ta ji labarin wani wuri a kogin Escanaba inda mutum zai yi jifa ba itace a bayansa. Na ce tafiyar da ɗan nisa, kuma hanyar ba ta da kyau. Ta naɗe taswirar ta buɗe ƙofar mota, ta ce to in ja a hankali, kada in zubar mata da kofi.