Ma'aunin Kaka Loyis

Kaka Loyis ba ta yarda da sikelin asibiti ba. Nata ma'aunin yatsu biyu ne: takan zagaye tsintsiyar hannun yaro da babban yatsa da na tsakiya, in suka haɗu, to babu lafiya. Haka ta auna ɗanta Dalyop shekara arba'in da suka wuce, a ƙauyensu bayan Vom, shekarar da acca ta ƙi. Yatsun suka haɗu har suka hau juna. Yaron bai ga girbi ba.

Shi ya sa jikanta Dachung, ɗan shekara tara, in ya taso makaranta ya biyo gidanta a Nasarawa Gwom, fanke na jiransa, ga soyayyen dankali, ga lemon kwalba. Kullum sai ta auna shi, yatsu ba su haɗu ba, ta yi barci da daɗi.

Ran nan uwarsa Yael, 'yar Kaka Loyis, ta dawo da shi daga asibiti fuska a murtuke.

"Mama, likita ya ce suga na dab da kama shi. A bar soye-soye, a koma gwate."

"Gwate? Abin da muka sha don babu? Na sa ku makaranta ne don jikana ya koma cin ganye?"

"In ba ki daina ba, Mama, ba zan ƙara kawo shi ba."

Maganar ta yi wa Kaka Loyis zafi ƙwarai. Amma washegari ta leƙa waje, ta ga yara na ƙwallo, Dachung kuwa na zaune bakin kwalbati yana haki kamar wanda ya hau dutse da buhu. Irin zaman nan ta san shi. Haka Dalyop ke zama yana kallon yara.

Ta ɗora tukunyar gwate, ta zuba acca da yakuwa da gauta, tana yi tana mita. Dachung ya yi kwana uku yana kumbure-kumbure, yunwa ta sasanta shi da gwaten.

Bayan wata biyar, ya shigo a guje daga wajen ƙwallo neman ruwa, ta cafke hannunsa. Yatsun suka haɗu. Tsoro ya kama ta, ta ƙi sakinsa.

"Kaka, sake ni mana, ni ne gola!"

Hannun Dalyop, ranar da ya rasu, sai da aka ɓamɓare yatsunta daga kansa. Wannan kuwa da kanta ta sake shi.