Ƙasar da Baba Ya Tara

Irin tumatirin Inna ɗan kaɗan ya rage a ƙullin leda, kuma ban san mai shi ba sai mu. Tun da ta rasu nake shuka shi a rumfar leda ta bayan gida, shi kuma yana ta mutu mini. Ciwo ne a ƙasar. Tsiro zai yi kyau har ya fara fure, rana ɗaya a tarar ya langaɓe kamar tsumma.

Mai sayar da dashe ne ya koya mini yi masa aure: a yanke kan namu da reza, a ɗora a gindin wani iri mai jure ciwon, a matse. "Amma kul, Yaya, kada ƙasa ta taɓa mahaɗar," ya ce. "In ta taɓa, na saman zai fid da saiwarsa, ciwon ya samu ƙofa."

Na juye sauran irin kaf, a yi ta ta ƙare. Kai, na sha wuya! Rabi suka mutu a hannuna, sauran suka kama, na dasa su.

Sai ƙanwata ta kwanta asibiti, na tafi jinya na daɗe. Na bar Baba, mutumin da tun rasuwar Inna ko tsakar gida sai an lallaɓa yake fitowa.

Da na dawo a rumfar na same shi, gwiwa duk taɓo, yana murmushi. Ya tara wa kowane gindi ƙasa har wuya, yadda ya yi wa tumatir duk rayuwarsa.

"Kin bar su tsirara," ya ce. "Uwarki ba ta yin haka."

Wayyo Allah! Na tona da yatsa, ga fararen saiwoyi birjik a saman mahaɗar. Na tsittsinke su, amma aikin gama ya gama, ganye ya soma sunkuyawa da rana. Na kira mai dashe, ya ce sai haƙuri. Raina ya ɓaci ƙwarai, to wa zan yi wa faɗa?

Yanzu kullum da safe Baba na can da bokiti, yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙishi ne kawai, ’yata. Za su tashi, ko?"

Na kalli fuskarsa. Na karɓi bokitin na taya shi zubawa.