Akushin Ilu

Duk Ɗanzomo babu wanda bai san Ilu ɗan Haladu ba, kuma ba da alheri aka san shi ba. Yaro ne ɗan shekara takwas wanda kakarsa Iya ke cewa an manta ba a yi masa mazaunai ba. In ka hango shi a kan rumbu, kafin ka buɗe baki yana bayan jakin maƙwabta, kafin ka nemo tsumagiya ya tsallake danga. Ba mugu ba ne. In ya fasa tulu shi zai fara kuka, ya rantse ba zai ƙara ba, kuma har zuciyarsa yake nufi. Sai dai kafin hawayen su bushe ya manta.

Uwarsa Sabuwa ba ta taɓa cewa uffan a kansa ba, don ba ta da bakin cewa. Ilu ɗan farinta ne, gidansu kuwa Fulani ne da suka zauna suka kama noma, ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗar sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. Tun da aka yaye shi Iya ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Shi yana ce wa Sabuwa Yaya, ita kuwa in ta kama dole sai ta ce "wancan". Mata har misali suke yi da ita, wai Sabuwa ko gobara ta ga ta kama rigar wancan sai dai ta kira wani ya kashe. Tana jin daɗin yabon, ban ɓoye muku ba. Amma da wutsiyar ido ta san duk inda yaron ya taka.

Da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, a 1976, aka rubuta sunan Ilu. Nan fa ake yin ta. Benci da Ilu ba su taɓa shiri ba. Bulala ta ƙare a jikinsa, an sha rubutu, an yi turare, duk a banza. Da bazara ta shigo hedimasta Malam Ubale ya kira Haladu ya ce yaron yana da ƙwaƙwalwa, amma aji ba ya zaunuwa in yana ciki. Ko dai a mayar da shi kiwo, ko a kai shi wurin wani likitan yara da ya ji labarinsa a Kano lokacin da ya je kwas.

Haladu dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari. Duk Alhamis yana ganin malamin dabbobi da farar riga, manyan fatake na rusuna masa, shi kuwa ya riga ya ɗinka wa Ilu wannan rigar a ransa. Ya ce kiwo kam a'a.

Ranar da suka dawo daga Kano, Sabuwa na tsakar gida tana tankaɗe, ta ba su baya, kunnuwanta kuwa na ƙofar ɗakin Iya. Haladu ya fito da 'yar kwalba mai fararen ƙwayoyi ƙanana. Ya ce likita ya ce ba iska ba ce, ba kuma taurin kai ba, haka aka halicci kan wasu yaran, kuma maganin na taimakon da yawa. Ƙwaya ɗaya da safe bayan ya karya kumallo, kada a ƙara. A sa ido a kan cinsa da barcinsa, don maganin kan kashe yunwa, yakan sa zuciya gudu. Bayan wata guda a mayar da shi a ɗora shi a sikeli.

Iya ta ce, "Wannan aikina ne, bar shi a hannuna."

Kwana shida da faɗar haka aka aiko daga Gagarawa cewa autar Iya ta haihu. Tsohuwa ta ɗaure kayanta ta tafi zaman jego, sai an yi arba'in.

Maganin kuwa ya yi aiki, gaskiya ɗaya ce. Ilu ya zauna a benci. Ya rubuta baƙaƙe shafi guda cur, Malam Ubale ya ɗaga littafin yana nuna wa aji. Haladu har tafiyarsa ta sake. Abu ɗaya ya rage masa: da la'asar, in ƙarfin ƙwayar ya sake shi, sai Ilu ya dawo da rawar kansa, har ta fi ta da, daidai lokacin makarantar allo. Haladu ya yi lissafinsa na dillali, ya ce in ɗaya ta gyara boko, biyu za su gyara har da allo. Ya fara ƙara masa ɗaya bayan azahar. Batun komawa Kano kuwa ya ce mai lafiya me zai je yi asibiti.

Bai manta da batun ci ba, kada a zalunce shi. Kullum yakan leƙa ya tambaya, "Yara sun ci?" A nuna masa akushi. Ilu da 'ya'ya uku na Dogo, wan Haladu, a akushi ɗaya suke ci kamar kowane gida. Akushin kuwa kullum a suɗe yake dawowa, tas, ko ƙuda ba zai samu na lasa ba. Haladu ya gyaɗa kai ya wuce. To yaushe yara uku masu tasowa za su kai ƙarar wanda ya bar musu rabonsa?

Sabuwa ce ta gani. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da, ba ta isa ta jiƙa ƙanzo ta juya baya ba, sai ta tarar an yi gaba da rabi. Yanzu ƙanzo na kwana a tukunya. Ta fara barin fura a bakin hanyarsa da gangan, ta sha nono da kyau, ta koma ɗaki tana leƙe ta jikin asabari. Ya zo ya wuce ko kallo bai yi ba. Wuyansa ya zama siriri, idanunsa suka faɗa, yana ƙifta su ba ƙaƙƙautawa. Yakan zauna gindin darbejiya yana ɓantarar fatar yatsunsa har su yi jini. Da asuba in ta fito ɗora ruwa sai ta same shi zaune a ƙofar ɗakin Iya, ido biyu, da alama barcin bai zo ba sam. Gidan ya yi tsit, kowa na hamdala, ita kuwa shirun nan ya hana ta sakat.

Ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta share. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta tura saƙo Gagarawa ta bakin wata mai tallan man shanu, amma me za ta ce? Cewa ta yi a gaida Iya, a ce gida na kewarta. Amsa ta dawo cewa Iya na amsawa, saura kwana goma sha tara.

Ta gwada mijin ta bayan gida. Ta ce, "Malam, ni kam na ga kamar cimar gidan nan ta ragu." Ya ce alhamdu lillahi, gero zai kai su kaka. Ta ce, "Zafin nan fa yana rage wa yara jiki." Ya ce bazara ce, kowa ma ya rame. Ta koma madafa ta zauna ta rasa abin da ke mata daɗi, haushin kanta ya fi na kowa.

Wata Talata da rana tsaka, gidan ba kowa, matan sun tafi rijiya, Ilu ya dawo daga makaranta ya tsuguna jikin randa. Bai sha ba, ya dai jingina goshinsa da sanyinta. Sabuwa ta duba hagu ta duba dama kamar mai shirin sata. Ta matso ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, abin da ba ta yi ba tun yana goye. Haƙarƙari ta fara ji, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashinsu zuciya na dukan uku-uku, alhali yaron ko motsi bai yi ba.

Ya ɗago ya dube ta da mamaki. Ya ce, "Yaya, ban yi komai ba."

Ta janye hannunta ta shige ɗaki, tsoro ya kama ta sosai.

Da yamma ta ɗauki babban akushin yara ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ce wa matar Dogo ya tsage. Ta raba tuwon a kwanuka huɗu. Matar Dogo ta taɓe baki ta ce wannan kuma wane sabon salo ne, yara 'yan gida ɗaya a raba musu kwano kamar baƙin asibiti. Sabuwa ta yi kamar ba ta ji ba, ta tsaya a kansu da sunan korar kaji. Kwano uku suka dawo a suɗe. Na huɗu ya dawo da gurbin yatsa biyu a gefen malmala. Washegari ma haka, na rana da na dare. Ran Alhamis Haladu na Maigatari, kwanon ya dawo ko gurbin babu.

Ran Juma'a bayan an sauko, Haladu na zaure da wansa Dogo da Malam Ubale, wanda ya biyo don ya faɗa masa cewa in Ilu ya ɗore a haka shi zai zo na ɗaya. Sabuwa na bayan zana tana ji. Ta ji Haladu ya ƙwala wa yaron kira, ta ji ƙarar 'yar kwalbar nan da ya zaro daga aljihu. Ta tuna matan da ke misali da ita, ta tuna uwarta da har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan ɗan farinta a bakinta ba. Ta ɗauki kwanon rana, ta ja mayafi, ta yi sallama ta shiga.

Mazan suka yi cirko-cirko. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a gaban mijinta ta buɗe. Dambu ne, ko cokali ɗaya ba a taɓa ba.

Haladu ya ce, "Lafiya? Ba ki ga baƙo ba?"

Ta ce, "Na gani, Malam, a yi mini aikin gafara. Wannan na ranarsa ne. Na jiya da na shekaranjiya ma haka suka dawo."

"Na wa?"

Yaron na tsaye a bakin ƙofa da moɗar ruwa a hannu yana jiran ƙwayarsa.

Ta ce, "Na Ilu." Muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta nufa ba. "Ilu ba ya ci. Ilu ba ya barci. 'Yan'uwansa ke cinye rabonsa, kai kuwa akushi kake tambaya. Ƙwaya ɗaya likita ya ce, na ji da kunnena, ka mayar da ita biyu. Ya ce a mayar da shi bayan wata, yau wata da kwana tara. Taɓa ƙirjinsa ka ji."

Dogo ya ce, "Subhanallahi! Sabuwa, ɗan farin naki? A gaban mutane?"

Ta ce, "Yaya Dogo, in aka binne shi, kunyar wa zan ji?"

Malam Ubale ya miƙa hannu ya jawo yaron, ya naɗe masa hannun riga ya kama damtsensa, yatsunsa biyu suka zagaye shi har suka haɗu. Ya sunkuyar da kai ya ce shi kullum rubutun yake dubawa. Haladu ya ɗora hannu a ƙirjin ɗansa, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya mayar da kwalbar aljihu a hankali, ya ce gobe da sassafe za su bi motar Gumel su wuce Kano.

Sabuwa ta ce, "Da ni za a je. In likita ya tambayi abin da yake ci, wa zai faɗa masa?"

Kafin magariba labari ya gama gari. Wasu suka ce boko ya shigo har madafa, wasu suka ce dama kunyar tata ta ganin ido ce. Matar Dogo ba ta amsa mata sannu ba. Sabuwa ta ji zafin abin, don shekara takwas ta yi tana tara sunan nan, ta zubar da shi a yini ɗaya. Ba ta san kuma abin da likita zai ce ba, ko a rage maganin, ko a daina, ko Ilu ya koma hawan rumbu a kore shi daga aji.

A bayan motar, tsakanin buhunan gero, Haladu ya zauna can gefe yana kallon hanya. Ilu na kusa da ita, ba su taɓa zama kusa haka ba, duk ya takura ya rasa inda zai sa hannunsa. Ta kwance ƙullin gyaɗa ta ɓare ƙwaya uku ta miƙa masa. Ya karɓi ɗaya ya riƙe bai ci ba. Sai da suka wuce gonakin bayan gari ya matso da bakinsa kusa da kunnenta, don kada babansa ya ji.

Ya ce, "Yaya, ashe kin san sunana?"