Ranar Fiton Anacha

Gidaɗo mutumin Fakku ne ta ƙasar Kebbe, manomi kuma tsohon soja. Yana saurayi Turawa suka kai shi yaƙin Bama, ya dawo da igiya biyu a damtse, shi ya sa kowa ke kiransa Kofur. Ya yi shekaru yana noman gero da maiwa bai sake taɓa bindiga ba, sai daminar da ƙasa ta rikice, Gabas ta ce ta ɓalle. Ran kasuwar Tambuwal ya kai wake, ya ji mai shela yana zagayawa yana cewa gwamnati na neman tsofaffin sojoji da duk wani mai jin ƙarfi. Ya koma gida ya damƙa gonarsa a hannun ƙannensa, ya yi sallama da matarsa Hinde.

A cikin motar da ta kwashe su daga Tambuwal ya haɗu da Ɗanmaliki. Mahauci ne, ƙato, baƙi wuluk, in ya yi dariya har cikin ƙirjinka kake jinta. Shi ne ɗan hawan ƙahon garin, wanda ke tarar bijimi gaba da gaba ya rungume ƙahonsa har sai ya durƙusa. Tun kafin su kai Gusau su hau jirgin ƙasa ya manne wa Gidaɗo.

"Kofur, kai ka taɓa gani, mi yaƙi yake kama da shi?"

"Tafiya da yunwa da jira," in ji Gidaɗo. "Sauran kaɗan ne, amma shi mutum ba ya mantawa."

Horon da aka yi musu a Kaduna bai taka kara ya karya ba. Aka tura su kudu cikin runduna ta biyu, wadda aka ɗora wa ƙwato ƙasar Binin. Sun yi ta bin dakarun Biyafara gari bayan gari, cikin ruwan sama da jar laka, har samari suka fara ɗauka yaƙin wasa ne. Rukuninsu ya isa Asaba bayan na gaba sun riga sun shige ta. Garin ya yi tsit, mata kawai ake gani suna raɓewa jikin bango. Wani saje ya nuna wa Gidaɗo wani fili da aka tone aka rufe da sabuwar ƙasa, ya ce masa kada ya tambaya. Bai tambaya ba, amma ranar bai iya cin abinci ba.

Washegari suka gangara bakin Kwara.

Gidaɗo ya ga koguna a Bama, amma da ya tsaya a gaɓar nan sai da ya cire hularsa ta kwano. Ruwa ne ja, cike maƙil da ambaliyar damina, yana tafiya ba ƙara, ɗauke da itatuwa sukutum da saiwoyinsu. Can ƙetare, inda ido ke gajiya, garin Anacha ne a kan tudu, rufin kwanonsa na walƙiya. Daga hannun dama ga gadar ƙarfe, doguwa har mutum ya rasa yadda ɗan Adam ya ɗora ta a kan ruwa, ƙarshenta na can ya karye ya faɗa kogi, domin mutanen Biyafara sun sa mata nakiya da suka ja da baya.

Ɗanmaliki ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Kofur, ni fa ban iya ruwa ba. Ko tafkin bayan gari ban taɓa shiga ba."

"Ka zauna kusa da ni," in ji Gidaɗo.

A sansani ana ta raɗe-raɗin cewa manya daga Legas sun ba da shawara a zagaya ta arewa, a ƙetare inda babu abokan gaba, babban kwamandan rundunar ya ce shi ta nan zai bi, gaba da gaba. Gidaɗo bai san gaskiyar zancen ba. Abin da ya gani da idonsa shi ne igwa. An jera su a kan tudun Asaba, suka yi kwanaki suna aman wuta. Duk harbi ɗaya sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafa, sai a jira kamar numfashi uku, sannan a hango ƙura ta tashi a ƙetare ba sauti, sai daga baya rugugin ya biyo bayan ruwa ya iso. Tsuntsaye suka bar gaɓar baki ɗaya.

Ranar fito aka ɗura su cikin jiragen ruwa da kwale-kwale, wani babban jirgin fito ya ɗauki motocin sulke. Mai tuƙa nasu kwale-kwalen wani Basarke ne mai suna Namadi, masunci daga wajen Yawuri wanda kamun kifi ya kawo shi ƙasar tun kafin yaƙi. Da suka kai tsakiya sai na ƙetare suka buɗe wuta. Ruwa ya riƙa tashi tsaye kamar giginya, ya tsaya a sama, ya rufto musu. Jirgin da ke hannun hagunsu, cike da samari suna waƙa, Gidaɗo ya kau da kai ya share ido, da ya waiga babu shi, sai huluna suna juyawa a kan ruwa. Ɗanmaliki ya riƙe gefen kwale-kwale har jijiyoyin hannunsa suka miƙe, bakinsa na ta salati.

Sun sauka da rai. Sun kutsa har cikin garin, suka tarar da kasuwar Anacha, wadda Gidaɗo bai taɓa ganin irinta ba ko a ƙasashen da Turawa suka ratsa da shi. Rumfuna ne na siminti layi bayan layi, a ƙarƙashin rufi ɗaya da zai iya haɗiye Tambuwal da unguwanninta. Babu kowa a ciki. A nan tsari ya watse. Samarin da ba su taɓa ganin atamfa jibge har rufi ba suka ajiye bindiga. Hafsoshi na ihu, ba mai ji. Ba a san wanda ya kunna wutar ba, amma kafin azahar kasuwar ta kama, hayaƙinta ya rufe rana har gari ya koma kamar magariba, kwano na narkewa yana ɗiga.

Cikin wannan hayaƙin dakarun Biyafara suka dawo, ta gabas da ta kudu lokaci guda. Taimakon da aka ce zai biyo baya daga Asaba bai zo ba. Harsashi ya fara ƙarewa. Gidaɗo ya tara waɗanda suka saurare shi suka ja da baya gida bayan gida, har wani ɓarɓashin bam ya fasa masa cinya. Ɗanmaliki ya saɓa shi a kafaɗa kamar ɗan akuya, ya gangara da shi bakin ruwa.

Gaɓar ta cika da mutane. Wasu na faɗawa ruwa da takalmansu suna nitsewa, wasu sun bi gefen kogi sun yi arewa. Namadi bai gudu ba, yana nan cikin ciyawa da kwale-kwalensa. Aka zuba masu rauni a ciki, wani kan wani, har bakinsa ya kusa shan ruwa. Namadi ya kafa gora ya tura, kwale-kwale ya ƙi motsi. Nauyi ya dasa shi cikin laka. Mutum uku suka sauka suka gwada, suka kasa, biyu daga cikinsu harsashi ya same su a wurin.

Ɗanmaliki ya ajiye bindigarsa a kan ƙirjin Gidaɗo, ya tuɓe rigarsa, ya shiga ruwan. Ya sunkuya ya rungume goshin kwale-kwalen da hannu biyu, ya kafa kafaɗa, yadda yake yi wa bijimi a filin Tambuwal. Gidaɗo yana kwance yana kallon fuskarsa daga ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kamu ɗaya ba. Ya ji katako yana kuka. Ya ji laka ta saki. Mutum ɗaya ya ɗaga jirgi mai ɗauke da mutum fiye da ashirin.

Bai tsaya nan ba, domin lakar tana da faɗi. Ya ci gaba da turawa, ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Harsashi na tsattsaga ruwa a kewayensa kamar yayyafi, ko waigawa bai yi ba.

"Hawo haka nan," in ji Gidaɗo, ya miƙa masa hannu. "Ya isa, hawo."

"In na hau nitsewa za ya yi, Kofur. Duba bakinai."

Gaskiya ne. Yatsa biyu ne tsakanin bakin kwale-kwalen da ruwa.

"To riƙe gefe mu ja ka."

Ɗanmaliki ya yi murmushi, ruwa na taɓa masa haɓa. Ya ja numfashi ya yi turi na ƙarshe da dukan ƙarfinsa, kwale-kwale ya sulale ya faɗa cikin igiyar ruwa mai tafiya. Turin ne ya raba hannunsa da katakon. Gidaɗo ya ga kansa, ya ga hannunsa ɗaya a sama buɗe, daga nan sai jan ruwa kawai. A haka Namadi ya kai su gaɓar Asaba.

Gidaɗo ya yi watanni a asibitin soja a Kaduna. A nan ya ji an sake gwada fiton har sau biyu, kogin ya sake cin mutane, daga ƙarshe sai da aka zagaya ta arewa aka shiga Anacha ta tudu. Aka sallame shi da sanda da ƙafa mai ɗingishi.

Da mota ta sauke shi a Tambuwal bai zarce zuwa Fakku ba. Ya tambayi unguwar mahauta, aka kai shi gidan mahaifiyar Ɗanmaliki, wata ƙaramar tsohuwa da ake kira Goggo Atu. Labarin rasuwar ya riga shi zuwa, an yi addu'a tuni, amma ba wanda ya san yadda abin ya faru. Kafin ya gama gaisuwa zaure ya cika. Sarkin Pawa da kansa ya zo, mahauta suka bar rumfunansu da wuƙaƙe a ƙugu suka tsaya har waje. Goggo Atu ta zauna bakin ƙofar cikin gida, ta lulluɓe kanta.

Gidaɗo ya faɗi komai, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya zo wurin ɗaga jirgin sai Sarkin Pawa ya dakatar da shi.

"Mutum nawa ka ce suna ciki?"

"Sun fi ashirin, ranka ya daɗe. Ni ina cikinsu."

Sarkin Pawa ya sunkuyar da kai. Wani tsohon makaɗin mahauta da ke tsaye da kalangu a hammata ya ɗaga sandar kiɗa kamar zai buga taken Ɗanmaliki, sai ya fasa, ya mayar da hannunsa.

Bayan mutane sun watse tsohuwar ta kira shi ciki, ta ba shi fura.

"Ɗana, ba a samu gawatai ba?"

"Ba a samu ba, Goggo."

"Wanga ruwa da kake faɗi, daga ina ya fito? Ruwan wace ƙasa ne?"

Gidaɗo ya taɓa yi wa Namadi wannan tambayar, ya gaya mata amsar da ya samu.

"Mai jirginmu ya ce min rabinai namu ne. Gulbin Ka da ke bayan garinmu shina zuba cikin gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba Kwara. Ya ce shi da kanai ya bi shi da jirgi tun daga Yawuri har can."

Goggo Atu ta daɗe tana kallon ƙwaryar furar.

"Ka kai ni in gani," ta ce.

Ba ta taɓa wuce Kebbe ba a rayuwarta. Suka shiga motar kasuwa, inda hanya ta ƙare ya nema mata jaki, shi yana biye da sandarsa. Sun isa Fakku da hantsi. Hinde ta fito da gudu jin an ce mijinta ya dawo, ta gan shi da baƙuwar tsohuwa, ta tsaya ta gaishe ta tukuna, sannan ta bi su a baya ba tare da ta tambayi komai ba.

Rani ne, gulbin ya ja baya, yashi ya fito fari, ruwan bai wuce gwiwa ba. Goggo Atu ta sauka daga jaki ta taka har bakinsa. Ta tsuguna ta sa tafin hannu a ciki, ta bar shi yana bi ta tsakanin yatsunta.

"Wanga ɗan ruwa shi ka zama abin da ka faɗi?"

"Shi ne, Goggo. In kin gan shi can ba ki hango ƙetare sai da ƙyar."

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

Ta yi alwala da shi, ta fuskanci gabas a kan yashi ta yi addu'a mai tsawo, Gidaɗo da Hinde suna tsaye a bayanta suna amsawa. Da ta shafa, ta dafa hannun Hinde ta miƙe, ta ce yunwa take ji.

Ta yi mako a gidansu. Kullum da safe sai ta taka zuwa gulbi ta zauna kaɗan ta dawo ta taya Hinde sussuka. Da za ta koma, Sarkin Pawa ya aiko mutum biyu su raka ta, tare da cinyar sa guda, suka ce ta Kofur ce. Gidaɗo ya raba naman gida-gida a Fakku. Da damina ta faɗi ya fita gona da sandarsa a hannu ɗaya, kalmen noma a ɗaya, ƙannensa suna binsa da iri.