Abin da Ya Rage a Kaset ɗin Baba Arzika

Maliki, akawu a ofishin gona, ya tsallako titi rungume da talabijin, tumbinsa na tallafe da ita, wayarta na jan ƙasa a bayansa kamar wutsiya. Sawu na biyu ke nan, don sai da ya fara kai bidiyon. Bai yarda kowa ya taɓa masa ba. A unguwarsu ta Birnin Kebbi, a shekarar 1987, shi kaɗai ke da bidiyo. Irinmu kuwa ma'aikatan ofishin gona, idan muka mallaki abin da maƙwabta ba su da shi, sai mu ɗauka boko ne ya ba mu.

Da safe Inna Kulu ta shigo gidansa da kanta. Jikin mijinta, Baba Arzika, ya yi nauyi, ko kunu ya daina sha. Abu ɗaya yake nema: a nuna masa kaset ɗinsa.

Arzika masunci ne, mutumin Argungu. Shekara uku baya, a bikin kamun kifi, ya fito da giwan ruwan da ya zo na uku, masu talabijin daga Sakkwato suka ɗauka, wani ɗan ƙanwarsa da ke aiki can ya kawo masa kaset. Sau ɗaya aka kalla, a falon Maliki, rabin unguwa suka tattake masa darduma. Daga nan Arzika ya ce ya ajiye masa, tunda shi ke da injin.

Bara Cyril mai shagon kaset ya samo fim ɗin wani Bature mai tashi sama, ya ce zai kwafa wa Maliki, amma babu sabon kaset a gari. Maliki ya dubi na Arzika. An karya ɗan haƙorin kaset ɗin don kada a ɗora wani abu a kai. Ya ce a ransa, wa zai sake zama kallon tsoho cikin laka? Ya yanko salatif ya rufe ramin.

"Akawu, ka iso?" in ji Arzika daga kan tabarma. Muryar ta ƙanƙance, amma idon na nan. "Kulu, kihe turmi a aza ta bisa."

Aka kife turmi, aka jawo wuta daga zaure, aka rataya bargo a taga saboda hasken la'asar.

"Baba, ya jiki?"

"Jiki ya gama nashi. Sa muna kihina."

Maliki ya zo da ƙarya uku a shirye, amma ko ɗaya ba ta fito ba. Ya tura kaset, yana addu'ar a ɗauke wuta. Ranar, kamar da gangan, ba a ɗauke ba.

Hoto ya fito. Kwafin kwafin kwafi ne, kuma asalinsa ma a wani gidan silima aka sace shi da kyamara, don ga kawunan 'yan kallo baƙi-baƙi jere a ƙasa. Wani farin layi na yawo a tsakiya, yayyafi ya rufe sauran. Sautin kuwa sai ya riga baki fitowa, bakin ya biyo baya a gajiye.

Arzika ya daɗe yana kallo. "Wanga wane ne?"

"Bature ne, Baba. Tashi sama yake yi."

"Ina gulbi?"

Maliki ya murɗa maɓallin gyaran hoto hagu, ya murɗa dama. Layin ya hau, ya sauko.

"Tambaya nika yi, Akawu."

"Na ɗora wannan a kansa, Baba."

"Bisa gulbin?"

"Bisa gulbin."

Inna Kulu ta yi salati ta dafe ƙirji. Maliki ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi," in ji Arzika. "Ina son in ga wanda yaf fi ni."

Haka suka zauna. Maliki ya nuna wa abokan ofis fim ɗin nan sau goma sha ɗaya, yana gaya musu sai wayayye ke gane shi. Yau ne ya fara ganinsa.

"Mi yas sa ya ɗaura zanen gado ga wuya?"

"Alkyabba ce irin tasu."

"Koriya ce ko shuɗiya?"

"Cyril ya ce rawaya ce."

"To huskar hwa? Ɗazu awa ganyen albasa, yanzu awa gauta. Ba shi da lahiya?"

"Kaset ɗin ne, Baba."

"Kuma cikin randa shika magana?"

Da Baturen ya ɗaga babbar mota da hannu ɗaya, Maliki ya ɗan gyara zama. Nan ne abokan ofis ke tafi. Arzika ya ja tsakin da ya fi ƙarfin ƙirjinsa, sai da Kulu ta tallafe shi ya gama tari.

"Mota ba ta motsi. Mota ba ta da santsi. A ba shi giwan ruwa mai rai, cikin laka har gwiwa, mutum dubu na tura shi, mu gani in zanen gadon na da amfani."

Can ɗaya daga cikin baƙaƙen kawunan nan na gidan silima ya miƙe, ya rufe rabin hoton, ya wuce.

"Wancan ya hi mu hankali," in ji Arzika. "Ya tahi gida."

Awa ɗaya da rabi Maliki na tsugune gefen turmi, gumi na bin bayansa. Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi. Amma tsohon bai ko dube shi ba. Baturen kawai ya tasa a gaba har aka kashe mugun fim ɗin, sunaye suka fara hawa, su ma rabinsu a yanke.

Hoton ya yi tsalle, ya yi baƙi. Sai ɗakin ya cika da haske.

Argungu ce. Rana tar, kiɗan kalangu, ihun jama'a tsaf kamar a ƙofar gida. Fim ɗin bai cinye kaset ɗin duka ba. Ya cinye gudun shiga ruwa, ya cinye goruna da homar kamun kifi, ya cinye inda Arzika ya fito da kifin a kafaɗa. Wurin awo ya rage. Babbar rigar wani babban baƙo ta cika allon, mai ita na dariya. A can gefe, ga wutsiyar kifi na dukan ƙasa, ga wata ƙafa a kusa da ita, laka har gwiwa.

"Tsai da shi!" in ji Arzika.

Maliki ya danna. Hoton ya tsaya yana karkarwa.

"Kulu, ga ƙahwata."

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "Ita ce. Ga tabon ƙugiya nan."

"Ka ga hoto, Akawu? Ko laka ana ganewa." Ya koma ya kwanta. "Mayar da shi baya kaɗan. Kaɗan hwa. Kar ka maido min Baturen."

Sau shida aka mayar.

Jibin ranar, da hantsi, Baba Arzika ya cika. Maliki ya bi gawa, ya zauna zaman makoki a sahun baya, yana jiran wani ya yi masa maganar. Babu wanda ya yi. Talabijin da bidiyon suna can kan turmi, ya kasa buɗe baki ya tambaya, har sai da aka zo dakan gumbar sadakar uku aka nemi turmin.

Ya shiga ɗakin da sallama. An naɗe tabarmar, bargon na nan a taga. Inna Kulu na zaune a ƙasa, lulluɓe.

"Kahin ka ɗauka," ta ce, "sa min ƙahwar."

Ya sa mata. Injin ba ya yarda hoto ya daɗe a tsaye; bayan 'yan mintoci sai ya sake shi da kansa. Don haka Maliki ya tsuguna gefen turmi, ɗan yatsansa a kan maɓalli. A tsakar gida mata na jira da taɓare a hannu. A allon, ƙafar na tsaye cikin laka, tana ɗan rawa.