Kar Ka Sa Nashi

"In ka canza ɗin, kar ka sa nashi."

Mama ce ta faɗa wa Yaya haka a kicin, ina bakin ƙofa riƙe da tsintsiya. Ba su gan ni ba. Dama ni a gidan nan ba a cika ganina ba.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a bayan talabijin ɗinmu, fankarta na gurnani dare da rana. Yaya ya zuba mata duk fina-finanmu ya sa mata manhaja, yana ce mata saba. Kowa da akwatinsa a allo: Mama, Yaya, ni, sai Baba mai ɗan hoton zaki. Ko kana wani gari, in da intanet, za ka kalli na gida a wayarka.

Tun da Baba ya tafi, aka ce aiki ne. Ba ya kira. Ni kuma na gano wani shafi a manhajar da ke nuna wanda ke kallo yanzu. Kullum bayan la'asar, in falo ba kowa, sai in buɗe. Ga zakin nan, layi na tafiya a ƙasansa a hankali. In ya tsayar, in ce alwala ya tafi. Wani lokacin in kunna fim ɗin a wayata in kai shi daidai inda yake, mu kalla tare bai sani ba.

Ranar canjin Yaya ya baje wayoyi a kan kafet, yana ta yabon sabuwar manhajar da za ta maye gurbin tsohuwar.

"Wannan ba ruwanta da rajista a waje. Komai a hannunmu yake. Uwar shiru, miƙo min wancan igiyar."

Na miƙa. "To inda mutum ya tsaya a fim fa? Za ta tuna?"

"Ina! Fina-finan dai suna nan, amma tarihin kallo daga farko za ta fara. Ke me kike kallo ma, in ba waɗanda ake kuka a ruwan sama ba?"

"Na waje kuma zai iya shiga?"

Bai ɗago ba. "Sai wanda na buɗe wa."

Kafin ya kashe tsohuwar ya fita karɓar kira. Na ɗauki rimot na buɗe shafin nan. Zakin yana kallo. Amma katun ne, na ƙananan yara, irin mai koyar da launuka. Yana ƙarewa aka maido shi farko. Ba yau na fara gani ba. Makonni ke nan, ina ce wa kaina ƙila hannunsa ne ya taɓa. Baba da ko labarai sai ya ce an cika surutu. Mu kuwa ni ce auta, na gama sakandare.

Na ji motsi a bayana. Mama ce, tawul a kafaɗa, idonta a kan allon. Ba ta yi mamaki ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ashe ba ni kaɗai na san shafin ba.

"Auta, kashe min wannan abin."

Ban kashe ba. Yaya ne ya dawo ya kashe, danna ɗaya. Na yi tunanin wani yaro can, allo ya tsaya masa cak, yana jan rigar Baba yana kuka. Allah ya yafe min, daɗi na ji.

Sabuwar ta taso, fes da ita, ta fi tsohuwar sauri. Akwati uku.

"Kun gani? Ko daƙiƙa ba ta ɓatawa," in ji Yaya, da fara'ar da ta yi yawa. "Mama, wane hoto zan sa miki?"

"Ko wanne."

Ta zauna gefen kujera tana ninke tawul ɗin, ta warware, ta sake ninkewa. Wata da watanni ina kewaya maganar, don in dai ban tambaya ba, aiki ya tafi.

Na ajiye rimot ɗin.

"Mama, Baba ya rabu da mu ne?"